Sujada Kafin Kusanci: Bayani a Kan Ƙarshen Suratul Alaƙ

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako. Bayan haka:

Yaron da ya shiga makarantar allo a Dar es Salam, ko a kowace unguwa ta birnin Yamai, ba ya daɗewa bai iso Suratul Alaƙ ba. In an ɗebe Fatiha aka fara ƙirga daga Nasi zuwa sama, ita ce sura ta 19 da za a rubuta masa, a cikin izun Sabbi. Yakan haddace ta tun bai san alwala sosai ba, ya wanke allo ya wuce. Da yawa har su girma su karɓi wuridi ba su sake tsayawa a kan ayarta ta ƙarshe ba, alhali a nan ne Allah Maɗaukaki Ya tara umarni uku ga Manzonsa (SAW): kada ya yi ɗa'a ga mai hana shi salla, ya yi sujada, ya kusanta. Na ƙarshen, wato kalmar “iƙtarib”, shi ne abin da kowane muridi yake cewa ya shigo ɗariƙa dominsa. To mene ne wannan kusanci, kuma me ya sa aka ajiye shi a bayan sujada?

Mafi yawan malaman tafsiri sun tafi a kan cewa ayoyi biyar na farkon surar su ne farkon abin da ya sauka a kogon Hira. Sauran sun sauka daga baya, a kan Abu Jahal, Amru ɗan Hisham na dangin Makhzum. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RTA) cewa Abu Jahal ya tambayi manyan Ƙuraishawa ko Muhammadu yana turbuɗa fuskarsa a ƙasa a gabansu, suka ce masa e. Sai ya rantse da Lata da Uzza cewa in ya gan shi yana haka zai taka wuyansa. Da ya tarar da Annabi (SAW) yana salla sai ya nufe shi, amma mutane ba su ankara ba sai suka ga yana ja da baya yana kāre fuskarsa da hannuwa. Aka tambaye shi me ya faru, ya ce ya ga ramin wuta da abin firgita da fukafukai tsakaninsa da shi. Annabi (SAW) ya bayyana cewa da ya matso, da mala'iku sun fizge shi gaɓa-gaɓa. A ruwayar Ibn Abbas (RTA) kuma, Abu Jahal ya yi taƙama da cewa babu wanda ya fi shi yawan ƴan majalisa a Makka, shi ne aka ce masa ya kira majalisar tasa, za a kira masa Zabaniyawa. Wannan mutum an kashe shi a Badar, shekara ta 2 bayan hijira.

A wannan wuri mutum biyu ne a gaban Ka'aba, kowa yana neman ya matsa. Ɗaya yana tsaye yana takowa da ƙafa, aka mayar da shi baya. Ɗaya goshinsa yana ƙasa bai motsa ko taƙi ɗaya ba, shi aka ce wa ya kusanta. Har ma Imamul Ƙurɗubi ya kawo a tafsirinsa cewa Zaidu ɗan Aslam ya raba umarnin biyu: sujadar ta Annabi ce, kusantar kuwa gargaɗi ne ga Abu Jahal, ma'ana ya matso ya ga wuta. Mafi yawan malamai ba su tafi a kan haka ba, sun ce duka biyun ga Annabi (SAW) ake magana, kuma ita ce fahimtar da ta fi dacewa da tafiyar ayar. Amma ko wannan ra'ayin na Zaidu yana nuna cewa ba kowace matsowa ce kusanci ba.

Abu na farko da ya wajaba muridi ya tsare shi ne aƙidarsa. Allah ba Ya cikin wani waje da za a auna tazararsa da kilomita, balle a ce wane ya rage tafiya. Alƙur'ani ya riga ya sanar a Baƙara, aya ta 186, cewa Shi Makusanci ne Mai amsa kiran mai kira. A Suratu Ƙaf, aya ta 16, cewa Ya fi jijiyar wuyan mutum kusa da shi. A Waƙi'a kuma cewa Ya fi masu jinya kusa da wanda ransa ya zo maƙoshi, sai dai ba sa gani. Imamul Ƙushairi, wanda ya rasu a shekara ta 465 bayan hijira, ya ware babi a Risalarsa a kan kusanci da nisa. Ya bayyana cewa kusancin Allah da ilimi da iko ya game kowa da kowa, kusancinSa da tausasawa da taimako na muminai ne, akwai kuma na ɗebe kewa da Ya keɓe wa waliyyai. Kusancin jiki da jiki kuwa ya koru ga Allah. A wajensa matakin farko na kusancin bawa shi ne ɗa'a, nisa kuwa shi ne ƙazantuwa da saɓo.

Ke nan in akwai nisa, daga ɓangaren bawa yake. Mutum zai shiga faba-faba daga Dar es Salam zuwa Babbar Kasuwa, kafaɗarsa na gogar ta malaminsa da ya koya masa Fatiha, amma idonsa na kan waya har ya sauka bai gaishe shi ba. Babu tazara tsakaninsu, gafala ce ta raba. Allah Ya ɗaukaka ga barin misali, amma wannan yana kusanto da ma'ana zuwa ga hankali. Shi ya sa Ibn Aɗa'illah ya nuna a cikin Hikam cewa kusancin bawa ba ya wuce ya farka ya shaida kusancin da dama yana nan.

Me ke kawo wannan gafala? Surar da kanta ta ba da amsa a tsakiyarta, a aya ta 6 da ta 7: mutum yana ƙetare iyaka ne idan ya ga kansa ya wadatu. Nan wurin ya kamata ƴan'uwa ɗalibai su daɗe a kai. Sura ce da ta buɗe da umarnin karatu da ambaton alƙalami, ta rufe da umarnin sujada, a tsakani kuma ta ajiye cutar da ke hana na farkon kai mutum ga na ƙarshen. Abu Jahal ba daƙiƙi ba ne. Mutanensa Abul Hakam suke kiransa saboda kaifin ra'ayinsa, kuma yana da dukiya da jama'a. Abin da ya kashe shi ganin ya isa. Ɗalibin da ke ƙetare gadar Kennedy kowace safiya zuwa Harobanda domin karatu a Jami'ar Abdou Moumouni yana cikin aikin da farkon surar ya yi umarni da shi, kuma aiki ne mai daraja. Sai dai akwai ranar da zai fara jin cewa ya fi limamin unguwarsu fahimta, ya fi tsohon da ke jan wazifa iya Larabci ko Faransanci, har sahu ya fara yi masa nauyi. Lisans ko masta ba su da laifi a nan. Ganin wadatar kai ne ke da laifi, kuma yana kama mai kuɗi, yana kama mai ilimi, yana ma kama mai yawan zikiri, wanda ya fi sauran wuyar magani domin shi a rigar ibada cutar take zo masa.

Hausa ta ari wata kalma daga wannan tushe na Larabci. In an saurari labarai a rediyo za a ji ana cewa shugaba ya iso tare da muƙarrabansa. Muƙarrabi shi ne wanda aka jawo kusa, yake shiga ba tare da an tsayar da shi a ƙofa ba. Alƙur'ani ya yi amfani da kalmar ga na gaba-gaba a Suratul Waƙi'a, ya yi amfani da ita ga mala'iku da ga Annabi Isa (AS). Amma akwai inda ta fito daga bakin Fir'auna. A Suratul A'araf da Shu'ara, matsafan Masar sun tambaye shi ko akwai lada in sun rinjayi Annabi Musa (AS), ya ce akwai, kuma za su zama cikin muƙarrabansa. Da wannan kwaɗayin suka fito fili. Kafin yini ya ƙare sai ga su sun faɗi suna masu sujada ga Ubangijin Musa da Haruna, Fir'auna na yi musu barazanar yanke hannuwa da ƙafafu da tsirewa, su kuwa ko a jikinsu. Kusancin fada suka fito nema, sai aka ba su wani kusancin, kuma ta ƙofar sujada ya zo musu. Suratu Saba, aya ta 37, ta ƙara rufe wata ƙofar: dukiya da ƴaƴa ba sa kusantar da kowa, sai wanda ya yi imani ya aikata na ƙwarai.

Annabi (SAW) da kansa ya fassara wannan jeri na ayar. Muslim ya ruwaito cewa lokacin da bawa ya fi kusa da Ubangijinsa shi ne yayin da yake cikin sujada, don haka a yawaita addu'a a cikinta. Hikimar a bayyane take ga mai lura. Fuska ita ce mafi darajar gaɓoɓin ɗan Adam, da ita ake gane shi, ita yake karewa in an kawo masa duka. Ƙasa kuwa ita kowa yake takawa. A sujada ne yake ɗora mafi ɗaukakarsa a kan mafi ƙasƙanci, yana tsarkake Ubangijinsa Mafi ɗaukaka. Babu wani hali da ya fi wannan rushe ganin wadatar kai. Iblis bai yi musun samuwar Allah ba, sujada ɗaya ya ƙi saboda yana ganin ya fi, aka kore shi. Hadisi ya zo cewa idan ɗan Adam ya karanta ayar sujada ya yi sujada, Shaiɗan yakan koma gefe yana kuka, yana tuna cewa shi an umarce shi ya ƙi.

Rabi'atu ɗan Ka'ab Al-Aslami (RTA) yana kwana a ƙofar Annabi (SAW) yana kawo masa ruwan alwala. Wata rana aka ce ya roƙi abin da yake so, ya roƙi zama tare da Annabi a Aljanna. Ba a ce masa hidimarsa ta isa ba, ga shi kuwa babu hadimin shehi a yau da ya kai shi kusa. An ce masa ya taimaka a kan wannan buƙata tasa da yawan sujada. Masu hidima a zawiyoyi, masu shimfiɗa da share-share da dafa shayi, aikinsu mai albarka ne, amma wannan hadisin nasu ne kafin kowa.

Sai tambayar da ta fi shafar ɗan ɗariƙa: wace sujada? Hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira, wanda yake na 38 a cikin Arba'una ta Imamun Nawawi, ya jera abin dalla-dalla. Bawa ba ya kusantar Allah da abin da ya fi soyuwa gare Shi kamar abin da Ya farlanta masa. Bayan nan ne bawa ba ya gushewa yana kusanta da nafilfili har Allah Ya so shi, in Ya so shi kuwa Ya jiɓinci jinsa da ganinsa da hannunsa da ƙafarsa, in ya roƙa Ya ba shi, in ya nemi tsari Ya tsare shi. Sufaye gaba ɗaya a kan wannan hadisi suka gina tafiyarsu. Lazimi na safe da maraice, istigfari 100 da salati 100 da hailala 100, da wazifa, da zikirin Juma'a bayan la'asar, duk a ɓangare na biyu suke, ko da yake muridi ya wajabta wa kansa su da alkawari. Ɓangare na farko shi ne salloli biyar. Saboda haka ne kiyaye su a kan lokaci, cikin jam'i in da hali, yake cikin sharuɗɗan da muƙaddami ke karanta wa mutum tun kafin ya ba shi wuridin Shehu Ahmadu Tijjani (RTA).

Raka'o'in farilla 17 ne a yini, kowace da sujada biyu, sujada 34 ke nan. In mutum yana yin kowace cikin daƙiƙa biyar, duk kusancin da aka yi masa alkawari bai ba shi minti uku ba a cikin awa 24. Ana ganin wannan a masallatai, kuma ƴan'uwa ba su kuɓuta ba: a yi magariba kamar kaza na tsattsagar tsaba, sannan a shimfiɗa farin ƙyalle a zauna wazifa da natsuwa, a ja Jauharatul Kamali da kyakkyawar murya. Natsuwar wazifa abin yabo ce. Abin tambaya shi ne ina aka bar ta minti goma da suka wuce? Malikiyya sun ƙirga natsuwa cikin farillan salla, malaman ɗariƙa kuma suna tsanantawa a kan kada ruku'u da sujada su gaza tasbihi uku a hankali. Haka wanda ya raba dare a wajen zikiri ko majalisin yabo, sannan rana ta tashe shi bai yi asuba ba. A watan Afrilu, da zafin Yamai da ɗaukewar wuta da jarrabawa a gaba, barcin asuba yana da daɗi, ba mai musun wannan. Amma wanda ya bayar da farilla ya riƙe nafila ya juya jerin da hadisin ya zo da shi, kamar ɗan kasuwar da ke rabon kyauta alhali bai biya uwar kuɗin da ake bin sa ba.

Kalmar “iƙtarib” a siffarta ta Larabci tana ɗauke da ma'anar ƙoƙari da himma, domin malaman sarfu suna cewa ƙarin haruffa ƙarin ma'ana ne. Ana son bawa ya motsa. Sai dai motsin nasa kaɗan ne a kan abin da ake tarbarsa da shi. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya kusanci Allah da taƙi, Allah Zai kusance shi da kamu. Wanda ya zo da kamu, a tarbe shi da gaba guda. Wanda ya taho da tafiya, a zo masa da gaggawa. Duk wanda ya taɓa ganin ana auna yadi ko igiya da hannu ya san bambancin taƙi da kamu da gaba. Malamai sun ce ma'anar ita ce saurin karɓa da ninka lada da rahama. Wannan bushara ce ga muridin da ya ga kansa ya yi sanyi, ya tara bashin lazimi, har kunya ta hana shi zuwa zawiya. Taƙi ɗaya ake nema ya fara da shi, kuma sallar da ke gabansa ita ce taƙin.

Akwai wasu da suke jingina kansu ga faila, suna cewa wanda ya samu ma'arifa ya wuce matsayin ruku'u da sujada, wai ya riga ya isa, ina kuma za shi? Maganarsu tana yawo a wayoyi, kuma da ita masu sukar ɗariƙa suke jifan kowa. Ƙarshen Suratul Alaƙ ya ishe su amsa. Wanda aka ce wa ya yi sujada ya kusanta shi ne mafi kusancin halitta, wanda aka yi Isra'i da Mi'iraji da shi, kuma tsarabar da ya dawo da ita daga can salloli biyar ce. Bayan haka ma yana tsayuwar dare har ƙafafunsa su kumbura. Ƙushairi ya kawo cewa an gaya wa Imamu Junaidu na Bagadaza irin wannan magana, ya ce ɓarawo da mazinaci sun fi mai faɗinta kyawun hali, kuma da zai rayu shekara dubu ba zai rage komai daga ayyukan ɗa'a ba sai in an hana shi da ƙarfi. Shehu Tijjani (RTA), wanda ya rasu a Fas a 1815, ya bar wa mabiyansa ma'auni sananne: duk abin da aka ji daga gare shi a ɗora shi a kan sikelin shari'a, abin da ya dace a ɗauka, abin da ya saɓa a bari. Maulana Shehu Ibrahim Inyass (RTA) kuwa, har ya koma ga Allah a 1975, almajiransa da salla da karatun Alƙur'ani da karantarwa suka san shi. Ƙushairi ya ma faɗakar cewa ganin mutum ya kusanta shamaki ne da ke tare shi daga kusancin. Wanda yake shelar ya isa, ya koma aya ta 7 bai sani ba.

Daga ɗaya ɓangaren kuma, ana yawan karanta wa ƴan ɗariƙa aya ta 3 ta Suratuz Zumar, inda mushirikai suka ce ba sa bauta wa gumakansu sai don su kusantar da su ga Allah. Ɗalibi ba zai gama shekara a jami'a ba tare da wani ya tare shi da ita ba. Amsa ba ta buƙatar faɗa. Abin da ayar ta zarga shi ne bauta wa wanin Allah. Shehi malami ne mai tarbiyya, ana son sa, ana girmama shi, ana neman addu'arsa, ana bin shiryarwarsa zuwa ga sujada, ba a yi masa ita. Amma amsar ba ta da ƙarfi sai in aiki ya gaskata ta. Duk shekara jama'a na cika motoci daga Yamai zuwa Kiota a jihar Dosso domin Mauludi, garin Shehu Abubakar Hashim (RTA), almajirin Shehu Ibrahim kuma surukinsa. Tafiya ce ta soyayya da sada zumunci da ilimi. A irin wannan cunkoso shauƙi yakan ɗebi wasu, durƙuson gaisuwa da aka gada a al'ada ya zarce har goshi ya kusa taɓa ƙasa. Ibn Majah ya ruwaito cewa Mu'azu ɗan Jabal (RTA) da ya dawo daga Sham ya yi wa Annabi (SAW) sujada, don ya ga ana yi wa manyan addini haka a can, Annabi ya hana shi. In an hana a yi wa Shugaban halitta, babu shehin da zai yarda a yi masa. Wanda kuma ya bar sallar asuba da azahar a hanya saboda direba na sauri, ya isa Kiota da jikinsa, amma ya baro abin da mai Kiota ya rayu yana kira zuwa gare shi.

Saura mas'ala ɗaya ta fiƙihu da ke tasowa duk Ramadan. Wani limamin in ya kai ƙarshen wannan sura a tarawihi ko tahajjudi sai ya faɗi sujada, wani kuma ya wuce zuwa ruku'u, sai a ji ƙananan maganganu a bayan sahu. Mashhurin mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Muwaɗɗa da Risalar Ibn Abi Zaid, shi ne sujadun tilawa 11 ne, babu ko ɗaya a cikin surorin Mufassal, don haka ba a yi a nan. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya suna yi, hujjarsu hadisin Abu Huraira a Muslim cewa sun yi sujada tare da Annabi (SAW) a Suratul Inshiƙaƙ da wannan sura. Shi ya sa ake ganin limaman Harami suna yi a talabijin. Ƙurɗubi, wanda shi ma Bamalike ne, ya kawo daga Ibn Nafi'u da Muɗarrif cewa Imamu Malik yakan yi sujada a ƙarshen surar in yana shi kaɗai, Ibn Wahab kuma yana ƙirga ta cikin sujadun da aka ƙarfafa. Mamu dai limaminsa yake bi: in ya yi sujada ya bi shi, in ya wuce ya wuce tare da shi, kuma sallar kowanensu ta inganta. Allah ne Mafi sani.